Aljanin da Na Saka a Gidan Hajiya Rabi

Ni mai gyaran famfo ne a unguwar Utaibiyya a Makka kafin in lalace. Shekara tara ina aikina da igamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kuma ba yabon kai ba, in na kara kunne a bango na san inda bututu yake ciwo.

Wata rana wasu samari uku suka zo daga Jidda da kyamara da na'urori masu ƙyalli. Shiri suke yi wa wata tashar talabijin, suna bin gidajen da ake cewa aljanu sun tare. Sun shiga gida biyar ba su ji ko tarin kyanwa ba. Babbansu ya tare ni a hanya ya ce, "Ya mu'allim, kai da ke shiga gidajen mutane, ba ka san inda ake jin motsi ba?" Ya cusa min ɗan abu a aljihu, na ce zan bincika.

Na fara da wani kango da ba kowa a ciki. Na ɓuya ina buga tsohon bututu da sifana, su kuwa suna ta salati a gaban kyamara. Na ce wa raina ai ban cuci kowa ba.

Sai suka ce masu kallo sun fi son gidan da mutane ke ciki. Nan na tuna da Hajiya Rabi, dattijuwar da iyayenta suka zo ta Sudan. Hayar ɗakuna huɗu na gidanta ita ce abincinta. Ni nake mata gyara, ba ta taɓa barina na tafi ban sha shayi ba. Na kwance ƙarafan da ke riƙe bututunta a bango, na bar iska a ciki. Da injin gidan ya fara tura ruwa sama, sai bango ya ɗauki bugu kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta tsorata, ni na kawo mata samarin, na ce masana ne. Aka nuna gidan har da ƙofarsa, kafin wata guda 'yan haya duk sun kwashe kayansu.

Abin da na manta, ruwa ba kullum yake zuwa unguwar ba, yana da ranakunsa. Hajiya ta lura. Ta kira ni ta ce, "Ya waladi, ɗana, wane irin aljani ne ba ya motsi sai ranar ruwa?" Na yi ta kame-kame. Washegari ta kira wani mai gyaran, ya duba ya faɗa mata gaskiya, ta kai ƙara. Samarin suka rantse ni na yaudare su. Na yi wata goma sha huɗu a kurkuku, aka ɗora ni a jirgi zuwa Kano.

Na tuba, kuma na samu lambarta na roƙe ta gafara. Ta ce, "Kalas, ya wuce, na yafe maka don Allah. Amma wa zai gaya wa mutane?"

Matasa, ku ji daga bakin wanda ya gani. Duk wanda ya biya ka don ka yi ƙarya da sana'arka, ka mayar masa da abinsa nan take, ko da a kango ne. Ni na gama zaman kurkukuna, ina kwana a gida cikin iyalina. Shirin kuwa har yau yana yawo a wayoyin mutane, uku daga cikin ɗakunan Hajiya huɗu kuma har yau a kulle suke.