Talbijin ta Tashi, Dikoda ta Kwanta

Malam Idrisu ya yi aikin jima a wani kamfanin fata a Challawa tun yana saurayi, har ranar da aka rufe wurin aka ce kowa ya je gida ya jira kira. Ba a kira ba. Daga baya ƙafafunsa suka fara kumburi, sannan suka daina ɗaukarsa. Ɗakinsa yana jikin nawa a gidan hayarmu na Sharada, shi ya sa yawancin labarin ta bango na ji shi.

Matarsa Sauda tana ɗinkin buhu a wani kamfani, in ta fita da safe sai bayan la'asar. Takan ajiye masa buta da kular abinci da rimot a gefen katifa. Da su yake wuni. Ɗansu Yahaya, da ke Hotoro, ya daɗe yana so a mayar da Baba gidansa. Malam Idrisu bai taɓa cewa a'a ba. Yakan ce a bari zafi ya wuce, in ya wuce kuma a bari damina ta wuce. Yahaya ya haƙura, amma ya ce duk ranar da ya ji Baba ya faɗi ƙasa, to babu sauran shawara.

Da rimot ɗinsu ya mutu, Sauda ta sayo irin wanda ake cewa kowace na'ura tana jin maganarsa. Habibu mai gyaran rediyo ya zo ya yi ta danna lambobi har talbijin ta amsa, dikoda ma ta amsa. Sai dai duka biyun jan maɓallin nan ɗaya suke ji. Ya gwada wata lamba ta raba su, amma murya ta daina ƙaruwa. Wata kuma, da an canja tasha sai allon ya koma shuɗi. Ya gaji ya mayar da ta farko, ya ce ai sauƙi ne ma, dannawa ɗaya su tashi tare.

Da wuta tana zama, da gaskiyarsa. Amma in aka ɗauke aka dawo da ita, dikoda takan tashi da kanta, talbijin kuwa tana kwance. Ka danna, talbijin ta tashi, dikoda ta kwanta. Ka sake dannawa, su yi musanye. Sai an taɓa ɗaya da hannu suke daidaita, ga su can kan kabad. Ga mai ƙafa ba nisa.

Malam Idrisu ya jima yana wuni a haka bai kira kowa ba. Wata rana bayan azahar na ji ƙarar faɗuwa. Na same shi a ƙasa tsakanin katifa da kabad, goshinsa ya ɗan fashe.

"Malam Idi, da wa kake kokawa?"

"Ma'aikata biyu ne sun ƙi shifit ɗaya. Wannan na shigowa, wancan na tashi." Ya huta. "Maganar nan kada ta je Hotoro."

Na mayar da shi katifa da ƙyar, ni ma ba yaro ba ne. Na so in sauko masa da dikodar kusa, wayar ta ƙi kaiwa. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce in miƙo masa sandarsa. Ya rataya hularsa a bakinta, ya miƙa a hankali, har hular ta rufe ɗan idon dikodar da ke jin rimot. Ya danna. Talbijin ta tashi ita kaɗai, ya janye hula, hoto ya fito. Bai yi murmushi ba. Ya ajiye sandar yana haki, ya ce in rage murya.

Da Sauda ta dawo ta ga goshin, ya ce ƙurji ne ya sosa. Ta dubi kabad, ta gyara ƙyallen kansa da aka janyo rabinsa ƙasa, ba ta tambayi komai ba. Bayan magariba Yahaya ya kira kamar kullum. Ina jin amsar Sauda ta bango.

"Yana nan," ta ce. "Ya ci abinci. Kallo yake yi."

Washegari da za ta fita, ta tsaya bakin ƙofata ta gaishe ni, jakarta a kafaɗa. Ta ce ta lura inuwar ƙofarsu ta fi tawa sanyi da rana, ko zan gwada. Na ce zan gwada.

A can nake shimfiɗa tabarmata yanzu. Shi kuma Malam Idrisu har yau yana ɗakinsa.