Littafin Dokokin da Na Kai Rumfar Tela

Mu huɗu ne, kuma duk mun wuce talatin: ni da nake koyarwa a firamare, da wani direban trotro, wato motar haya, da mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, sai tela, wanda a rumfarsa a Maamobi muke haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar. Shekarun tamanin ne, abinci ya yi wuya, kowa a gajiye yake zuwa.

Telan ne ya ƙirƙiro wasan. Yana taka keken ɗinki yana ba da labari: mu fatake ne, mun ɗauko goro daga Salaga za mu Kano. Sai ya ce, "Kogi ya cika. Direba, me za ka yi?" Kowa ya faɗi dabararsa, ya jefa ƙwayar ludo. Huɗu zuwa sama ka tsira, ƙasa da haka ka shiga uku. Dokar ke nan, ba wata. Mun fi shekara muna tafiya a haka, jakunanmu suna mutuwa muna dariya.

Ni na ɓata abin. Wata rana a gefen kasuwar Makola na tsinci wani littafi mai kauri, ba bango, a wurin masu tsofaffin littattafai. Ashe Turawa ma suna irin wasanmu, sai dai nasu komai da lamba: ƙarfin mutum, saurinsa, nauyin da zai iya ɗauka. Na yi sati uku ina juya shi zuwa Hausa a littafin makaranta. Na kai rumfa ina jin kamar na kawo musu lantarki.

Mai kayan mota ya so shi ƙwarai, don shi mutum ne mai son a auna komai. Tela ya ci gaba da ɗinkinsa.

Lahadi ta huɗu da kawo littafin, 'yan fashi suka tare ayarinmu. Direba ya miƙe tsaye ya ce zai yi tsalle ya kama shugabansu.

Na ce, "Tsaya, sai mun ga nauyin kayan da ke kanka."

Na buɗe shafi, na koma wani. Mai kayan mota ya ce na manta ƙasa jiƙe take, dole a rage wa direba maki biyu. Muka yi ta musu. Direba yana tsaye, hannunsa a sama, har ya gaji ya zauna. Aka kira magariba bai yi tsallen ba.

Yana sa takalmi ya ce, "Ticha, kwana shida ɗan sanda na karanta mini doka a hanya. Ran hutuna ma sai kai?"

Bai zo Lahadi ta gaba ba. Telan kuma labarinsa ya fara bushewa. Kafin ya ce hadari ya taso sai ya dube ni: "Malam, littafi ya yarda a yi ruwa?" Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya, abin da ya fi damuna ke nan.

Na bar littafin a gida, na je har tasha na lallaso direba. Muka koma ƙwaya ɗaya. Da direba ya jefa shida ya kayar da ɓarawo, mai kayan mota ya ture benci ya ce wannan ba wasa ba ne, sa'a ce kawai. Ina amfanin ƙarfin da ya yi wata biyu yana tarawa a littafi? Gaskiyarsa. Shi ma direba da gaskiyarsa. Na zauna a tsakaninsu.

Mun ƙara haɗuwa sau biyu ko uku, hira kawai. Da azumi ya matso ɗinki ya yi wa tela yawa, ya ce mu dakata sai bayan salla. Bayan salla ba wanda ya tayar da maganar, ni ma ban tayar ba.