Dokin Baba ya ƙi tsayawa a hau shi

Yau ma Baba na sa ƙafa a likkafa dokin ya zabura. Sai ga tsoho a ƙasa, a kan ƙafar da harsashi ya lalata.

Tun da na gama jami'a na dawo Batsari nake koya wa dokin nan tsayuwa. In riƙe linzami, in ɗora nauyina a sirdi, in ya natsu in ba shi dusa. Shi kaɗai zai iya kai Baba gonarmu ta Ruma, don da damina babur ba ya bin hanyar.

Na ce, "Baba, dokin nan ba ya jin magana."

Yana kakkaɓe riga ya ce, "Yana ji, Habibu. Ni na koya masa da ya ji ƙafa ya tashi. Ran da 'yan bindiga suka shigo mana, da ya tsaya ina gyara zama, da ba a ƙafa suka same ni ba."

In na bar dokin haka, Baba ba zai ga gonarsa ba. In na koya masa tsayuwa, ran da suka dawo fa?

Masu dawaki, don Allah ku faɗa min wanne zan yi. Ni dai na rasa.