Ranar da Muka Kai Baba Wurin Jirgin Kwal

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu na unguwar Barking a nan ƙasar Turawa, ni da maigidana da Baba, mahaifina. Wata huɗu ke nan da muka ɗauko Baba daga Kafanchan bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannu da ƙafar hagu. Ƙafa ta warke, hannu ya ƙi. Ya daina zuwa gashin ƙashi, ya daina hira, kullum maganarsa ɗaya: a mai da shi gida ya mutu cikin danginsa. Na san dai ya yi aikin reluwe yana saurayi, shi ne mai zuba wa jirgi kwal. Da na ji akwai tsofaffin jiragen tururi da har yanzu suke kai mutane yawon buɗe ido, sai na saya mana tikiti ban shawarci kowa ba. Da maigidana ya ga kuɗin tikitin, sai da ya yi salati.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu tashar Victoria kai tsaye. Tun kafin mu hango jirgin tururin, warin kwal ya tare mu, Baba ya ja ya tsaya cak. Kan jirgin kore ne, an goge shi yana ƙyalli, yana huci kamar bijimi. Tsofaffin Turawa sun kewaye shi da kyamarori, wani har da littafin rubuta lambar jirage.

Taragunmu na masu ƙaramin ƙarfi ne. Na gaba ana kai musu abinci a faranti da farin ƙyalle, mu kuwa dambun nama da shayin fulas muka buɗe, har wata dattijuwa da ke kusa da mu ta ɗanɗana, yaji ya sa ta hawaye tana godiya. Da muka bar gari muka shiga karkarar Kent, sai gonaki da tumaki, kowace gada cike da mutane suna ɗaga mana hannu.

Baba bai kalli tumaki ba, hayaƙi yake kallo ta taga. Can sai ya ce, "Wannan mai wutar ɓarnar kwal yake yi. Hayaƙi ya yi baƙi, ya cika mata ciki ba ta samun iska." Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka tun kafin ciwon. Na ce, "Baba, yaya ake yi?" Ya shiga ba mu labarin kwal ɗin Inugu, da hawan tudun Jos, da yadda suke soya ƙwai a kan shebur.

Da muka isa garin bakin tekun da jirgin ya kai mu, ya ƙi bin mu cin kifi, ya ce sai ya ga mai wutar nan. Muka raka shi. Sai ga mace ta sauko, ta kai shekara hamsin, fuska duk baƙin kwal. Maigidana ya juya baya yana dariya. Baba ya gyara hula, ya gaya mata laifinta da Turancinsa na reluwe. Ba ta ji haushi ba, ta ce gaskiyarsa, kwal ɗin yau ba shi da kyau. Ta nuna masa tabon ƙuna a damtsenta, shi ma ya naɗe hannun riga ya nuna nasa. Sannan ta miƙo masa shebur ɗinta.

Ya kama da dama, ya kai hagu, yatsun suka ƙi rufewa. Shebur ya faɗi a dandamali da ƙara. Na sunkuya zan ɗauka, ya ce, "Bari." Ya sake gwadawa, ya sake suɓucewa. Matar ta ɗora hannunta a kan nasa na hagu, suka ɗaga tare, ta ce da bazara za su sake zuwa, ya zo ya nuna mata yadda ake yi a Kafanchan.

A hanyar dawowa na yi ta zargin kaina cewa na kunyata shi a gaban mutane. Mun shiga gida daf da magariba, farar hularsa duk ɗigon toka. Yana zaune yana cire takalmi ya ce, "Ke, yaushe ne ranar masu gashin hannun nan?" Na ce Talata. Ya ce, "To, ki tashe ni da wuri."

Shekara goma sha biyu ina aikin jinya. Na san hawan jinin Baba da sunan kowace ƙwaya da yake sha, amma ban taɓa zama na tambaye shi aikin da ya ciyar da mu da shi ba. Mai tsoho a gida, ya tambaya tun yana da mai ba shi amsa.