Fassouma Mai Kai Saƙo

A unguwar Glenwood, bayan inda bas ke tsayawa, akwai wani ƙaramin gida mai shuɗin fenti wanda barandarsa ba ta rabo da takalman baƙi. Gidan Anti Fassouma ke nan, mai kai saƙo. Ni Rahina maƙwabciyarta ce, 'yar Kano, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Babu abin da ya raba gidajenmu sai 'yar ciyawa, kuma shekara tara ke nan ina shiga wajenta ba tare da na ƙwanƙwasa ba. In na ce na san ta, ba cika baki nake yi ba.

A Maraɗi aka haife ta. Mahaifinta direba ne tsakanin Maraɗi da Katsina, mahaifiyarta kuma 'yar Jibiya, don haka tun tana goye take tsallaka iyaka. Takan ce ita har yau ba ta taɓa ganin iyakar nan da idonta ba. Abin da ta gani igiya ce da tsohuwar ganga, da wani mutum a inuwa wanda in an gaishe shi sai ya sauke igiyar. Ta biyo mijinta Malam Nouhou zuwa nan Greensboro a Amurka, ta haifi 'ya ɗaya, Leïla, Allah ya yi wa mijin rasuwa yarinyar tana firamare. Ta yi kitso, ta yi wanki a otal, har ta samu katin zama. Ranar da za ta fara zuwa gida, mutum huɗu suka ba ta saƙo. A tafiya ta biyu sai da ta ari akwati. Haka sana'ar ta same ta ba tare da ta nema ba.

Sau biyu take tafiya a shekara. Ta sauka a Kano ta raba na Kano, ta hau mota zuwa Katsina, ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, wani lokaci har Tasawa. Ba ta karɓar saƙo sai daga hannun mai shi, ba ta kuma miƙa shi sai a hannun wanda aka aika wa. In ta je ba ya nan, sai ta shimfiɗa tabarma ta jira, ko kwana biyu ne. Ba ta iya rubutu ba, don haka kowane ƙulli sai ta ɗinke shi cikin ƙyalle, launin ƙyallen shi ne suna da adireshi. Ba ta tambayar abin da ke ciki. Rantsuwa kawai take sa mutum ya yi cewa babu abin da zai ba ta kunya gaban kwastan. Na sha gaya mata wannan ganganci ne tsagwaronsa, sai ta yi dariya ta ce mutanen Kano ba su yarda da kowa ba. A shekara ashirin da biyu ba ta taɓa dawo wa kowa da saƙonsa ba, kuma da wannan take tinƙaho, ba da komai ba.

Lokacin da na fi so shi ne in tafiya ta matso. Bayan la'asar sai ta zauna a ƙasa tsakiyar ƙulle-ƙullen, rana tana shigowa ta labule, ta lumshe ido ta kama hanya tana zaune. "Ga mu Bichi," za ta ce a hankali. "Ga masu rake. Kada ki saye nan, bari sai Kankiya." Ta yi kamar barci ya ɗauke ta, can kuma sai ta ce an fara ganin duwatsu, an kusa Jibiya. Ni da na taso aiki ƙafafuna suna zogi, sai in ji kujerar tana ɗan girgiza da ni. Ƙarar bas ɗin waje ta koma ƙarar tsohuwar mota, ina jin ƙamshin gyaɗa soyayya, har wani dattijo da ban taɓa gani ba yana matsa mini in zauna. Shekara goma sha huɗu rabona da gida, amma ta wannan hanyar na je Maraɗi ya fi a ƙirga, garin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

To, sai Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda mu muke kira Ekowas, su kuma su ce Sedeyawo. Falon Anti ya koma majalisa. Mutum ya kawo saƙo, maimakon ya ajiye ya tafi, sai ya gyara zama ya fara fashin baƙi. Waɗanda suka fi cika mana kunne su biyu ne: Alhaji Sale, Bakano mai harkar magunguna da ke zaune a unguwar Sedgefield, da Younoussa, ɗan Maraɗi mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover.

"Kun yi fushi kun bar gida," in ji Alhaji Sale wata Lahadi, yana kaɗa makullin mota. "Very simple question, ta ina kayanku za su shigo? Teku gare ku?"

"Alhaji, da girmanka," Younoussa ya ce, "wa ya kashe muna wuta? Wa ya rufe frontière, iyakar nan tamu, har magani ya gagara? Ɗan'uwa ne ke yin haka? Mu yanzu souveraineté muke so, cin gashin kanmu, c'est tout."

"Ita za ku dafa ku ci?"

"Ko tuwon dusa ne, namu ne."

Ni kaina, Allah ya sani, na sa baki, kuma ban sa da daɗi ba. Anti kuwa zarenta kawai take ja. Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya, ni na ga launin ƙyallayen. Ƙullin Alhaji Sale Maraɗi za shi, wajen gwaggonsa da ta yi aure can tun kafin a haife shi. Na Younoussa kuma Kano za shi, wajen ƙaninsa da ke sayar da yadi a kasuwar Kwari. Sau ɗaya suka matsa mata ta faɗi ra'ayinta. Ta cire allura daga baki ta ce, "Ni dai ku bar mini hanya." Ko lokacin da aka rufe iyakar ma ba ta fasa ba, a bayan babur ta bi ta gonaki da akwati a cinya.

Abin da ya karya ta daga nan ya zo, ba daga can ba. A bazarar nan, lokacin da garin furanni ke rufe motoci da rawaya, saƙonnin murya suka fara yawo a waya. Wannan ya ce an tsare wani a filin jirgi, wancan ya ce an mayar da wata duk da katinta. Babu wanda ya san sunan wanin ko watan, amma kowa ya rantse. Leïla kuma tana da cikin fari, wata bakwai. Ta ja uwarta wajen lauya, ni ma na bi su. Lauyar ta ce a takarda babu abin da zai hana ta dawowa, amma a irin wannan lokaci ba za ta iya yi mata alkawari ba.

A mota Leïla ta fashe da kuka. Yarinyar da ta sha cewa wankan jego camfi ne, ita ce ta riƙe hannun uwar tana cewa, "Mom, please. Idan suka hana ki dawowa, who's going to do my wanka? Ni ban da kowa sai ke."

Muka iso gida. Akwatuna biyu suna tsaye a falo an riga an ɗaure su, saura kwana goma tafiya. Anti ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Rahina, ran Asabar ki kai ni. Da hannu na amsa, da hannu zan maida."

Ban taɓa yin tuƙi mai nauyi irin na wannan Asabar ba. Gari ya yi luf, itatuwa duk sun yi fure, ga ɗalibai a kan kekuna, mu kuma muna bi gida gida kamar masu kai ta'aziyya. A kowace ƙofa sai ta durƙusa kaɗan, tsohuwa da ita, ta ce, "Ga amanarka, ka yi mini gafara." A Sedgefield, Alhaji Sale ya fito daga filin ciyawarsa ya karɓa, ya ce ai tun farko ya faɗa, ga irin abin da rigima ke jawowa, kamar dai ita ce ta fitar da Nijar. Da ban ga furfurarsa ba da na gaya masa magana. Younoussa kuwa kasa haɗa ido ya yi da ita, sai juya ƙullin yake yana cewa ba komai, Hajiya, ba komai. Ina kallonta tana raguwa a kujera duk lokacin da ƙulli ya fita. Tausayinta ya kama ni, har na daina kunna rediyo.

Wajen la'asar saura ɗaya, wani ɗan ƙulli cikin koren ƙyalle, bai kai tafin hannu ba. Na Kouloussoum ne, wata mai sharar ofisoshi da ke zaune a benayen haya na bayan manyan kantunan Wendover. Shekara goma sha ɗaya ba ta je gida ba, domin ba ta da takardar da za ta dawo da ita. Ta buɗe ƙofa da kayan aiki a jikinta. Da ta ga abin da ke hannun Anti, sai ta gane.

"Ba komai, Anti. Allah ya sauki Leïla lahiya," ta ce. "Dama kahin wata tahiyar ya yi kaɗan. Sai in auna wani."

"Mi za ya yi kaɗan?" Anti ta tambaya. Karo na farko ke nan da na ji ta tambayi abin da ke cikin saƙo.

Kouloussoum ta sa haƙori ta tsinke ɗinkin. Zare ne a ciki, farin zaren saƙa, an naɗe shi a jikin ɗan kwali. Ta warware shi har ya taɓa ƙasa.

"Tsawon Anissa ne, ɗiyata. Kin san Inna ba ta gani, hoto a waya ba ya yi mata komai. Duk tahiyarki sai in tsaida yarinyar jikin ƙofa in auna. In kin miƙa kin hita, sai Inna ta miƙe tsaye ta taka bakin zaren da ƙafa, ta ja shi sama a jikinta. Bara ta ce a gaya mini jikarta ta kai mata ƙirji."

Ana jin motoci can a kan titi kamar ruwa na wucewa. Anti ta kai wannan ƙulli Tasawa ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ta sa shi a hannun makauniyar ta juya, tana zaton ɗan kunne ne ko laya. Na ga ta lumshe ido, leɓenta yana motsi, na san ta riga ta yi nisa.

Ta miƙa hannu. "Naɗe shi ki ba ni."

"Anti, Leïla fa?" in ji Kouloussoum.

"Ba ni, na ce."

Da muka shiga mota na kasa daurewa. Na ce mata wannan ba hankali ba ne, a kan zare za ta bar 'yarta da tsohon ciki? A ba wani ya kai mana, ko a sa a gidan waya. Ta ce wa zai je Tasawa ya zauna ya jira tsohuwa ta idar da salla? Ta ce sati uku ne, haihuwa kuma saura sati takwas, in Allah ya so za ta riga jaririn isowa. Na ce in kuma bai so ba fa? Ta ce in juya mota, tunda ba za ta ɗauki na mutum ɗaya ta bar na sauran ba, sai mu koma mu karɓo su duka, har na Alhaji Sale.

Mun kusa fitilar da ake juyawa sai ta dafa gwiwata.

"Rahina, kin iya wankan jego?"

Ta fi kowa sanin ban taɓa haihuwa ba. Na girgiza kai.

"Gobe in kin taso aiki ki zo," ta ce. "Ganyen darbejiya na nan na shanya, ya isa kwana arba'in. Zan nuna miki zahin ruwan, da yadda ake kama ta in jiri ya ɗebe ta, da yawan kanwar da ake sa ma kunu. In ta yi miki Turanci kada ki saurare ta. Ki riƙe mini ita da kyau, ɗiyar nan raguwa ce, ba ta son zahi."

Fitila ta ba mu hannu, na bayanmu suna ta danna oda, ni kuma ban ga hanya ba saboda hawaye.