Ɗakin da Baba Tanko Ya Ajiye Mini

Kafin in zama abin da kotu ta kira ni, malamin makaranta ne ni a Kano. Labarin ƙasa nake koyarwa. Na faɗi haka ne don kada wani ya nema mini uzurin jahilci. Na san nisan da ke tsakanin New York da Alaska, na sha zana shi a allo.

Cacar biza ce ta kawo ni Amurka. Aikina na farko a Alaska yake, a masana'antar gyaran kifi. A can wani dattijo ɗan zangon Kumasi, Baba Tanko, ya sauke ni. Mai masauki ne irin na da: duk Bahaushen da ya shigo garin, a gidansa yake fara kwana. Ranar da na isa ya buɗe mini wani ɗaki ya ce, "Malam, ga ɗakinka. Ko ka tafi, naka ne." A wurin 'yan zango wanda ya ci tuwon gidanka ya zama ɗan gida. Ba a cewa ya bar gida, sai dai a ce ya yi tafiya.

Jihar tana raba wa mazaunanta wani kaso na ribar man fetur duk shekara. Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. Ka zauna shekara cur, da niyyar ci gaba da zama. In ka yi nesa fiye da rabin shekara ka fita daga rabo, sai fa in karatu ne ya fitar da kai, ko aikin soja, ko jinya. Sannan ka ba da sunan mazauna jihar da za su shaida kana nan. Na karɓi nawa halal a farko. Daga baya sanyi da duhu suka kore ni, na sauko unguwar Bronx a New York, na kama ɗaki a Morris Heights, na shiga tuƙin tasi.

Da lokacin neman rabon ya zagayo, ina zaune a gidan abincin wata 'yar Ghana, na tasa waya a gaba shinkafa tana hucewa. Awudu abokin tuƙina ya zungure ni.

"Ticha, jarrabawa kake makin?"

Na ba shi labari. Ya kwashe da dariya. "Kai da ɗakinka a can? Ai tafiya ka yi, ba tashi ba."

Abin da nake son ji ke nan. Na sa adireshin Baba Tanko, na sa sunansa a shaida, ban tambaye shi ba. Kuɗi suka shigo. Na ce wa kaina daga wannan shi ke nan.

Shekara ta gaba Awudu ya fara kawo mini mutane. Da yawa cikin direbobinmu sun taɓa zuwa kakar kifi, kuma duk a gidan Baba Tanko suka sauka. Ni mai boko, ni ke cike musu fom in cire ladana. A takarda, ɗakin da bai ɗauki katifa biyu ba ya zama bariki. Wanda aka tambayi dalilin daɗewarsa a waje, sai in ce jinya. Da alƙalamina na kwantar da iyaye mata da dama a asibiti, wasunsu sun shekara goma a kabari.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ban zaɓi Baba Tanko don maƙaryaci ne ba. Na zaɓe shi don na san abin da zai ce in an tambaye shi, kuma zai faɗa da zuciya ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Wani mai bincike ya lura mazaunin Alaska yana da lasin tasi na New York. Ya je gidan Baba Tanko, ya karanto masa sunaye. Baba ya ce, "'Yan gida ne, sun yi tafiya." Aka sa shi ya sa hannu. A lokacin yana dab da rantsuwar zama ɗan ƙasa, abin da ya daɗe yana jira don ya ɗauko Hajiya matarsa daga Kumasi. Aka dakatar da komai, aka tuhume shi da shaidar zur.

Ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa mai lamba huɗu, sai Baba ya kira ni a waya.

"Malam, sun ce na yi ƙarya. Wace ƙarya na yi?"

"Baba, dokarsu ce take da..."

"Ban tambaye ka doka ba. Ka san abin da zan ce in sun zo?"

"Na sani, Baba."

"To," in ji shi, ya kashe wayar.

Ina so in ce muku nan take na miƙa kaina. Ban yi ba. Na ɓata makonni ina zaga Manhattan da fasinja, ina fatan abin ya tsaya a kansa. Sai da bincike ya matso ni na je na faɗi gaskiya, na ce tsohon bai san komai ba. Aka janye tuhumarsa. Ni kuwa aka mayar da ni Alaska, aka kulle ni. Wannan karon na cika sharaɗin zama, ban yi fashin ko kwana ɗaya ba.

Da na fito na dawo New York, ina tsaron wani shagon kayan abinci a Port Richmond. Nan wani mutumin Damagaram ya ba ni labari: ya je kakar kifi, ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba Tanko, tsohon ya miƙo masa abinci a roba ya ce ya daina saukar baƙi. Hajiya kuwa har yau tana Kumasi, takardunta sun koma ƙarshen layi.

Na tattara ƙarfin hali na kira shi na nemi gafara.

"Na yafe maka, Malam, tuntuni," ya ce. "Amma ɗakin na zuba kaya a ciki. Ka bar gida."

Hukuncin alƙali bai kai wannan zafi ba.

Ku samari masu shigowa, za ku haɗu da irin wannan: kuɗin gwamnati, tambaya ɗaya, amsa ɗaya da ba wanda ke kallo. Inda kuke kwana, nan kuke zaune, ku rubuta haka. Kada ku sa sunan kowa a shaida bai sani ba, balle dattijon da ya buɗe muku ƙofa. Na tuba, ina kuma biyan abin da na ci. Amma duk wanda ya sauka garin Baba Tanko yanzu bai sami wurin kwana ba, ni na rufe masa ƙofar.