Lasifika huɗu a ɗakin Maoulida

Maoulida ya shekara goma sha tara yana tuƙa bas a unguwanninmu na arewacin Marseille, a ƙasar Faransa. Ba ya sha, ba ya busawa. Cutarsa ɗaya ce, waƙa. Tun muna makaranta yake rubuta baitoci, har ya yi furfura bai saki faifai ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a ƙasan benensu, kuma Allah ya yi ni da rashin yarda da mai yawan fara'a. Shi ya sa da Gaëtan ya dawo hankalina bai kwanta ba. Abokinmu ne na yarinta, ya ɓace shekara shida, wai Sifaniya ya tafi. Ko alamar rana babu a jikinsa, kuma ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, kamar wanda ya fito daga kurkuku.

Ya sumbaci Maoulida a kumatu, ya ce lokacin faifai ya yi. Cikin mako guda suka lilliƙe ɗakin ajiyar Maoulida na ƙarƙashin bene da kwalayen ƙwai, don ya zama ɗakin ɗaukar waƙa. Gaëtan ya kawo manyan lasifika huɗu, ya karɓi makulli ɗaya.

Wata Asabar da hantsi suka kira ni gyaran waya. Lasifika biyu kawai na gani a jone. Na ɗaga ta uku, nauyinta ba na lasifika ba ne, kusoshin bayanta sun sha kwancewa har sun yi ƙyalli. Na sunsuna, sai warin wiwi.

Ɗakin da sunan Maoulida yake. In 'yan sanda suka sauko shi za su ɗauka, aiki ya tafi, gidan haya ma ya bi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare shi a tashar ƙarshe yana cin burodi da kifin gwangwani, na zayyane masa komai. Ko tauna bai daina ba.

"Tun ranar farko na sani, ɗan'uwa. Ni na kama masa muka sauko da su."

Na tambaye shi ko ya haukace ne.

"Saura waƙa uku mu gama," in ji shi. "Kai shekara talatin kana ce mini ba laifi tun ban kai amshi ba. Shi yakan zauna ya ji har ƙarshe."

Ya kakkaɓe rigarsa, ya hau bas, ya buɗe wa fasinjoji ƙofa. Na so in ƙaryata shi, amma na laluba ban tuna ƙarshen waƙarsa ko ɗaya ba.